Kwanon da Ya Gangara Gabas

A Kabalaye akwai wani gida da unguwar ta hau sama ta bari a ƙasa. Maƙwabta sun zuba siminti, wasu sun ɗora bene, wasu sun yi kwano ja da shuɗi, shi kuwa yana nan da soronsa na ƙasa, shimfiɗaɗɗe, kamar yadda aka gina shi tun Njamena tana ƙaramin gari. Gidan Malam Yunusu ake ce masa, ko da yake babu mai rai a unguwar da ya taɓa ganin Malam Yunusu da idonsa.

Shi Malam Yunusu daga ƙasar Haɗeja ya taso a ƙafa, da niyyar Makka, shi da matarsa Sakinatu da ɗan ƙaramin ɗansu. Da suka ƙetare kogi suka iso nan, cikin Sakinatu ya tsufa, tafiya ta gagare ta. Sai ya gina mata soro guda, ya yi masa matakalar ƙasa ta wajen yamma, ya ce mata shi zai bi ayari ya yi gaba, in ya sauke farali zai dawo ya ɗauke su. Ya tafi, bai dawo ba, ba a kuma ji labarinsa ba. Sakinatu ta haifi mace, aka sa mata Zulaikha. Tun daga ranar da Sakinatu ta yi wankan jego har ranar da aka kai ta makwancinta, kullum in ta sallame la'asar sai ta hau soron nan, ta taka har kusurwar gabas, ta tsaya tana duban hanya sai an kira magariba.

Saboda haka gidan yake da doka guda: tsakanin la'asar da magariba ba a hawa soro. Ba a faɗa wa yara dalili, tsawa kawai ake yi musu. Kuma duk shekara, in an yi wa soron yaɓe kafin damina, washegari sai a ga sawun ƙananan ƙafafu a ɗanyen laka, daga bakin matakala zuwa kusurwar gabas. Mai yaɓe ya shafe, ya kama bakinsa.

Dawuda, jikan Sakinatu ta wajen ɗanta, shi ne mai gidan yanzu. Yadi yake sayarwa a babbar kasuwa, ya haura hamsin, kuma hannunsa ya shafe sawun nan sau da dama. Da can yana cewa ƙafar Gwaggo Zulaikha ce. To, Gwaggo ta daɗe da daina hawa ko da dokin ƙofa sai an riƙe ta, sawu kuwa bai fasa ba. Sai ya daina cewa komai.

Bana da bazara, wata rana da rana tsaka, azarar tsakiyar soron ta yi ƙara, ƙasa ta zubo a kan gadon Gwaggo. Dawuda ya ɗaga kai ya ga itacen ya rankwafo, gara ta cinye cikinsa. Ba sai an gaya masa ba: in ruwan farko ya jiƙa ƙasar da ke sama ta yi nauyi, soron nan a kan tsohuwa zai sauka.

“Gwaggo, za ki koma ɗakin Lailatu kafin a gyara nan.”

“A nan aka yanke mini cibiya,” in ji ta, tana kakkaɓe ƙasa daga zanenta. “Uwata tana sama, ni ina ƙasa. Haka muke tun ba a san za a yi ka ba. Ka je ka auna yadinka.”

Lailatu, matar Dawuda, ta yi lallashi har ta gaji. Tsohuwa ta ce ko soro zai faɗo, ya same ta a inda ya saba ganinta.

Sai Dawuda ya nemo Rabiou, wani kafinta mutumin Maraɗi da ke da rumfa a unguwar Klémat, wanda yake zuwa aiki nan rani rani. Rabiou ya hau soro, ya buga ƙafa nan da can, ya sauko yana goge gumi.

“Alhaji, hanya uku ce.”

“Ba Alhaji ba ne ni. Babu Alhaji a gidan nan. Muna kan hanya tukuna.”

Rabiou ya yi dariya, ya ga mai gida bai yi ba, ya haɗiye tasa. Ya ce ta farko, a kwashe ƙasar duka, a cire azara, a kafa katako a buga kwano, a yi silin a ƙasa saboda zafi. Ta biyu, a rushe a zuba dal, wato rufin siminti, amma bangon ƙasa ba zai ɗauka ba sai an tsayar da ginshiƙai. Duka biyun, sai an fitar da mai ɗaki. Ta uku kuwa, a tokare azarar da ta karye da gungume daga ciki, a bar soron yadda yake, a ɗaga bango ta gefe guda, a ɗora kwano a bisansa kamar hula. Ƙasar da ke ƙasa ta tare zafi da ƙarar ruwa, kwanon ya tare ruwan.

“Kuma tsohuwa tana kwance abinta, ko tashi ba ta yi,” in ji Rabiou.

“Wane irin kwano?”

“Akwai tol ɗin nan mai laushi, wanda in kaza ta hau sai ya lotse, damina kaɗan ya yi tsatsa. Ni ba ni buga shi a gidan mutunci. Akwai bak alu, na alminiyam, mai faɗin kwari, ba shi tsatsa, ba shi nauyi a kan tsohon bango. Shi za ka sa.”

“Ina zai gangara?”

“Gabas mana. Mi kake tsammani? Daga gabas hadari ke tasowa a garin nan. In ka ɗaga masa baki ta can, iska ta shiga ƙarƙashi, sai dai ka bi rufinka Kusseri, can ƙetaren kogi, ka ɗauko. A ɗaga yamma, a kwantar da gabas har ya taɓa rawanin soro, a toshe ko'ina saboda jemage. Ruwa ya zuba a titi, ba ka da rigima da maƙwabci.”

Magana ce ta hankali, babu inda za ka kama ta. Dawuda ya je ya gaya wa Gwaggo. Ta dubi azara, ta ce ita ba ta so, gidan matafiyi ba a yi masa rufin zama. Amma tunda ba za a taɓa ta ba, kuma ba za a taɓa ƙasar da ubanta ya ɗora ba, ta haƙura. Sharaɗi ɗaya ta kafa.

“Kada guduma ta yi ƙara a sama bayan la'asar. Su sauko. Ka ji ni, Dawuda?”

“Na ji, Gwaggo.”

Ya ji ɗin, ya kuma gaya wa Rabiou, sai dai bai gaya masa dalili ba. Kunya ta hana shi. Mutum da gemunsa, mai waya biyu a aljihu, ya tsaya gaban baƙo ya ce kakarsa da ta rasu tana hawa soro? Cewa ya yi tsohuwa tana son hutu da yamma. Haka mutanen yanzu suke, abin da suka sani sarai su ɓoye shi don kada a ce musu 'yan ƙauye.

Aka fara aiki. Aka cire indararo, aka ɗaga bangon yamma da bulo, aka jera katako. Kullum ana kiran la'asar ma'aikata su sauko. Ranar ƙarshe sai gabas ta yi duhu tun azahar. Dawuda yana kasuwa, an kawo masa kaya. Rabiou ya dubi sama, ya dubi ɗan abin da ya rage, ya ce hutun tsohuwa na yini ɗaya bai kai a bar rufi a buɗe ba. Bayan la'asar suka buga sauran kwano, suka jera bulo a bakin matakala suka toshe. Lailatu ta fito tana ɗaga hannu, guduma ta hana a ji ta. Hadarin ma bai zubar ba, ya watse.

Da Dawuda ya dawo, rufin yana ta walƙiya, har maƙwabta suna yi masa barka. Ya shiga wajen Gwaggo da fara'arsa. Ya tarar da ita zaune a bakin gado, ba ta taɓa tuwonta ba.

“Tana sama suka rufe,” ta ce.

Washegari bai fita kasuwa da wuri ba, da ya fita kuma ya dawo kafin la'asar, ya zauna a ɗakin Gwaggo kamar mai hira. Aka kira salla, suka yi. Gari ya yi tsit, irin tsit ɗin zafi, ko ganye ba ya motsi. Sai ya ji. Taku ne, a hankali, daga wajen yamma. Wannan ya san shi, tun yana yaro yake jin sa yana cewa ɓera. Amma da takun ya kai tsakiyar ɗaki sai kwano ya yi ƙwal, kamar kai ya bugi ƙarfe. Aka tsaya. Sai takun ya koma wani abu dabam, ja, ja, kamar ana jan buhu a ƙasa. Ya yi gabas, yana ƙara nauyi, yana ƙara jinkiri, har ya kai saitin kan gadon Gwaggo. Daga nan sai kwano ya fara kuka, ƙiii, ya saki, ƙiii, ya saki, kamar ana tura shi daga ƙasa.

Dawuda ya dubi Gwaggo. Ita ma ta sunkuyar da kai, haɓarta ta kusa taɓa ƙirji.

Ya kira Rabiou a waya. Rabiou ya zo a kan klando, babur ɗin haya, ya tsaya tsakar gida ya saurara.

“Patron, kwano ne. Da rana shina buɗewa, da yamma shina komawa. Duk sabon rufi haka yake surutu.”

“Kwano yana rarrafe?”

“To, muzuru ne muka rufe da shi.”

“Muzurun da ke jiran a sallame la'asar?”

Rabiou ya sosa ƙeya. Lailatu ta ce daga bakin murhu, “Baban Fauziyya, ka gaya masa gaskiya mana. Ka bar bawan Allah yana ta lissafin muzuru.” Sai a lokacin Dawuda ya faɗa masa. Rabiou ya yi salati, ya ce, “Da ka hwaɗa mini tun farko, wallahi da ruwa ya jiƙa mu da dai in buga ƙusa guda.”

Kwanaki suka shige, abin bai canza ba, sai dai yanzu takun ba ya farawa daga yamma. Yana can gabas, wurin da kwano ya kwanta a kan rawani, inda ko yaro ba zai iya zama ba. Gwaggo kuwa ta daina cin abinci. Ko kunu Lailatu ta kai, sai ta ce, “Uwata tana kife da ciki, ni in zauna in sha kunu?” Bayanta ya riƙa lanƙwashewa, kullum ƙasa ƙasa, har ta koma kwanciya rub da ciki, fuskarta a matashi. Aka kawo likita, ya auna ta, ya ce shi bai ga ciwo ba sai yunwa da tsufa, kuma in ta ci gaba haka ba za ta ga ƙarshen wata ba.

Dawuda ya ga ya tsere wa azara ya faɗa wani abin. Wata safiya ya ɗauki guduma ya hau matakala, ya fasa bulon da aka toshe bakinta da shi, ya buɗe hanya fam. Ya sauko ya ce, “Gwaggo, na buɗe mata. Sai ta sauko.”

Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya a cikin matashi.

“Kai dai ba ka da wayo tun kana yaro. Matar da ta ba yamma baya tun ina cikinta, yau za ta juyo don ka fasa bulo? Ko tana so, a ina za ta juya? Je ka duba da idonka.”

Ya koma ya leƙa, ya kunna fitilar waya. Zafi ya buso masa fuska. A kan ƙurar aikin da ta kwanta bisa tsohon soro, ga sawun nan da ya sani, ƙanana, yatsu a haɗe. Sun yi gaba kaɗan, sai suka zama sawun gwiwa. Gaba kuma sai tafin hannu da gwiwa. Can inda haske ke ƙarewa babu sawu sam, sai wata doguwar shara a ƙura, ta jiki da aka ja, ta shige cikin matsatsin da ke ƙarƙashin kwano. Babu sawun dawowa. Kuma kwanon wurin ya kumburo sama, kumburi zagayayye, daidai girman kan mace.

Bai san lokacin da ya sauko ba. Ya sake kiran Rabiou, ya ce a cire kwanon kusurwar gabas.

“Patron, ka saurare ni da kyau,” in ji Rabiou, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa. “Mun cire indararo. In ka buɗe gabas, ruwa ya shiga, ba shi da mafita, a kan tsohuwar ƙasa zai kwanta, ƙasar da ba a yi wa yaɓe ba bana. Gungumen da na tokara ba zai riƙe ba. Iska kuma ta samu baki. Ka fitar da tsohuwa, in cire maka duk wanda kake so.”

“Ba ta fita.”

“To ni ba ni cirewa. Ban zo ƙasar mutane in kashe tsohuwa ba.”

Ya tafi. Dawuda ya zauna a gindin matakala. In ya bar rufi a rufe, yunwa ta ɗauke Gwaggo a hankali. In ya buɗe, soro ya ɗauke ta a yini guda. Ya yi azahar a wurin. Kafin la'asar gabas ta haɗe, baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har tsakiyar sama, kuma wannan ba irin mai watsewa ba ne. Mata suna ta kwashe shanya. Lailatu ta leƙa ɗakin Gwaggo ta fito da hawaye, ta ce ko ruwa ta ƙi karɓa yau, numfashinta ma sai an kasa kunne.

Aka kira la'asar. Dawuda ya yi salla, ya ɗauki abin zare ƙusa, ya jingina tsani. Tun da aka haife shi bai taɓa hawa sama a wannan lokaci ba. Ya taka kwano a kan layin ƙusa, kamar yadda ya ga ma'aikata suna yi, yana gangarawa gabas, iska ta fara kaɗa rigarsa.

Kusa da kumburin ya tsaya cik.

A bisa kwanon, ta sama, akwai wani sawun. Manyan ƙafafu ne na namiji, babu takalmi, dunduniya duk faso, an bar su da jar ƙasa, irin wadda babu ita a Njamena ko kewayenta. Ba daga tsani suka fito ba, ba daga yamma ba. Daga bakin rufin gabas suka faro, inda babu komai sai iska da titi a ƙasa. Sun zagaya kumburin, sun sake zagayawa, sun tattake wurin har ya yi ja. A gefe guda ga alamar gwiwa biyu, da tafin hannu a shimfiɗe daidai kan kumburin.

Kwanon ya yi ƙiii a ƙarƙashin ƙafarsa. Sai kuma, a gabansa, inda ba kowa, ya lotsa ƙasa a hankali kamar an ɗora masa nauyi.

Dawuda ya yi sallama. Bai jira amsa ba. Ya durƙusa ya fara zare ƙusa. Hannunsa ya yanke, bai kula ba. Da ƙusar ƙarshe ta fita, ya kama bakin kwanon ya ɗaga, ya kau da kai, don bai ga ya dace ya kalli kakarsa a wannan hali ba. Wani huci ya fito daga ramin, mai ƙanshin tsohon zane da man shanu, ya wuce ta gefen kunnensa, ya yi gabas, alhali iskar hadari yamma take yi. Shi ke nan. Rufin ya yi shiru, irin shirun ɗakin da aka kwashe kaya.

Ɗigon farko ya faɗo masa a wuya. Ya sauko da gudu yana kiran Lailatu ta zo su ɗauko tsohuwa ko tana so ko ba ta so. Sai suka gan ta tsaye a bakin ƙofa, dafe da bango, bayanta a miƙe yadda ba su gani ba shekara da shekaru. Ta ƙetare dokin ƙofa da kanta.

“Ubana ya zo,” ta ce. “Benayen nan ne suka ɓoye masa gidan. Ƙyallin kwanonka ya hango.”

Suka kai ta ɗakin Lailatu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Iska ta shiga ta inda Dawuda ya buɗe, ta yaye kwano biyu ta jefa titi. Kafin magariba suka ji gungume ya yi ƙara, sannan soron Malam Yunusu ya zauna a kan gadon da babu kowa.

Gwaggo ba ta ko waiwaya ba. Ta karɓi kunu ta shanye, ta miƙa kwanon a ƙara. Lailatu tana kuka tana dariya. Dawuda ya zauna a ƙasa yana ɗaure hannunsa da tsumma, yana jin kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Da ta ƙoshi, ta goge baki, ta kasa kunne ga ruwa.

“Sun tafi su biyu,” ta ce. “Ni ko leƙowa bai yi ya ga fuskata ba. Amma ai ya san da ni. In ya kai ta, zai dawo.”

“Gwaggo, ki kwanta ki huta.”

“Dawuda.”

“Na'am.”

“In kafintan nan naka ya zo sake gini, ka ce masa kada ya taɓa matakala.”

Dawuda ya leƙa tsakar gida. Soro ya rushe, bangon yamma ya tsage, amma matakalar ƙasa tana nan tsaye a cikin ruwa, ta hau sama ba ta kai ko'ina ba. Da safe Rabiou ya zo, ya zagaya kangon, ya tambaya ta ina za a fara. Dawuda ya miƙa masa gatari, ya nuna masa matakalar, ya ce ita za a fara rushewa.